Neman ƙura a kewayen taurari makwabta: rumbun infared, hoton faifai, JWST ko ALMA?

Ɗalibin da ya zaɓi ƙurar taurari a matsayin fagen bincikensa yakan tsinci kansa a mararraba tun bai fara komai ba. Wani malami zai ce masa ya zauna da bayanan da tsofaffin maduban hangen nesa na sararin samaniya suka tara, wani ya ce ya rubuta takardar neman lokaci a ALMA, jerin farantan rediyo da ke ƙasar Chile, shi kuwa hankalinsa na kan hotunan JWST, madubin sararin samaniya na James Webb. Kowa da gaskiyarsa, sai dai hanyoyin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Gano cewa tauraro yana da ƙura aiki ne daban, faɗin girman ƙwayoyin ƙurar kuma aiki ne daban. Na farko awo ɗaya mai kyau kan wadatar. Na biyu sai ka san abu biyu tare: zafin ƙurar da nisanta daga tauraron. Duk zaɓin da za ka yi, a kan wannan ya rataya.

Fagen ya fara ne a 1983, lokacin da tauraron ɗan'adam IRAS ya leƙa tauraron Vega domin daidaita na'urorinsa, sai aka ga a zangon maikuron 60 da 100 (zango shi ne tsawon igiyar haske, waɗannan kuwa na infared ne, hasken zafi da ido ba ya gani) hasken da ke fitowa ya ninka abin da jikin tauraron zai iya bayarwa. Aka sami irin wannan rarar haske a taurarin Fomalhaut da Beta Pictoris da Epsilon Eridani. A 1984 Bradford Smith da Richard Terrile suka ɗauki hoton faifan Beta Pictoris daga Las Campanas a ƙasar Chile, aka tabbatar ƙurar a shimfiɗe take kamar faifai. Ƙurar nan ba ta daɗewa: haske yana kore ta, karo yana niƙe ta. Idan ka same ta a kewayen tauraro mai ɗaruruwan miliyoyin shekaru, to akwai manyan duwatsu da dunƙulen ƙanƙara da ke ta karo suna haifar da sabuwa. Ita ce shaidarsu, tunda su kansu ba a ganin su.

Abubuwa uku game da ƙwayar ƙura

Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai yana tsakanin maikuron 50 da 100. Ƙwaya ba ta iya fitar da haske da kyau a zangon da ya fi jikinta tsawo sosai. Ƙwaya mai maikuron 1 tana shan hasken tauraro yadda ya kamata, domin zangonsa gajere ne, amma idan ta zo amayar da zafin a maikuron 60 ko 100 sai abin ya gagare ta, zafi ya taru a jikinta. Shi ya sa ƙaramar ƙwaya ta fi babba zafi ko da nisansu da tauraro ɗaya ne. Shi ya sa kuma kowane zango ya fi nuna maka ƙwayoyin da girmansu ya kusanci tsawonsa: hasken da ido ke gani na nuna masu maikuron ɗaya ko 'yan kaɗan, zangon milimita na nuna masu milimita.

Na biyu, haske yana ture ƙura. Idan turin ya kai rabin ƙarfin jan tauraron, ƙwayar da ta ɓalle daga karo ba ta dawowa. Ga tauraro irin Rana, iyakar tana wajen rabin maikuron. Ga Fomalhaut maikuron 3 zuwa 4 ne, ga Vega kusan 8, ya danganta da nauyin abin da aka yi ƙwayar da shi. Jajayen ƙananan taurari irin AU Microscopii haskensu bai kai ya kori ƙura ba, iskar tauraron ce ke wannan aiki. Wannan iyaka ita ce ma'aunin da za ka gwada sakamakonka da shi.

Na uku, tun 1969 Dohnanyi ya nuna cewa idan duwatsu na niƙa juna har abin ya daidaita, yawan ƙwayoyi yana raguwa da girma bisa lamba 3.5, wadda ke auna saurin raguwar. A aikace, nauyi yana wajen manya, amma faɗin jikin da ke tare haske yana wajen ƙanana. Don haka idan an ce "girman ƙwayoyi", lambobi biyu ake nufi: mafi ƙanƙantar girma, da yadda yawa ke sauka daga ƙanana zuwa manya. Hanyar da ta iya ɗaya ba lallai ta iya ɗayan ba.

Ma'aunan da na ɗora hanyoyin a kai

Wane girman ƙwaya hanyar ke gani? Tana nuna inda ƙurar take, ko zafinta kawai? Me za ta ci maka? A nan ba kuɗin aljihu ake magana ba, domin ba a sayar da lokacin waɗannan madubai. Tsadar ita ce gasar neman lokaci, da watannin jira, da ƙarfin kwamfuta. Sai ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: na'urar na nan da rai, kuma sakamakon zai tsaya idan an zo da awo mafi kyau? Sai sauƙin koyo. Na ƙarshe, wanda na fi ba nauyi, haɗarin ka ɗauki abin da ba ƙura ba ka kira shi ƙura.

Hanya ta farko: rarar infared daga rumbunan bayanai

Aikin a bayyane yake. Ka ɗauki hasken tauraron a gajerun zanguna daga kundin 2MASS, ka ɗauki nisansa daga kundin Gaia, ka lissafa abin da ya kamata ya bayar a dogayen zanguna, sannan ka gwada da abin da aka auna. Abin da ya yi saura shi ne ƙura.

Madubai huɗu ne suka cika rumbun. IRAS ya yi aikin wata goma a zangunan maikuron 12, 25, 60 da 100. Spitzer, mai madubin santimita 85, ya tashi a 2003, ya auna a 24, 70 da 160 har hiliyam ɗinsa ya ƙare a 2009, aka rufe shi gaba ɗaya a 2020. WISE ya tashi a ƙarshen 2009, ya zagaye sama duka a 3.4, 4.6, 12 da 22. Herschel, mai madubin mita 3.5, ya yi aiki daga 2009 zuwa Afrilun 2013, a zanguna daga 70 zuwa 500. Shirye-shiryensa biyu, DUNES da DEBRIS, su suka bi taurari makwabta ɗaya bayan ɗaya, suka sami ƙura mai sanyi a kusan ɗaya cikin biyar na masu kama da Rana.

Tsada babu: rumbun IRSA na Amurka da na hukumar sararin samaniya ta Turai a buɗe suke ga kowa, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa. Wajen sauƙi ma babu wadda ta kai ta. Ɗorewa ce ke da sarƙaƙiya. Bayanan ba za su gushe ba, amma dukkan maduban nan huɗu sun daina aiki, kuma tun bayan Herschel babu wani madubi a sararin samaniya da ke auna maikuron 70 zuwa 160, inda ƙura mai sanyi ta fi haske. Idan ba a duba tauraronka a wancan lokaci ba, babu wanda zai duba maka yanzu. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai, domin zangon da aka fara gano abin da shi ne aka bari ba mai tsaro.

Akwai iyakar gani kuma. Ƙurar Beta Pictoris tana kama sama da kashi ɗaya cikin dubu na hasken tauraronta, ta Vega 'yan kashi cikin dubu ɗari, Herschel kuwa ya tsaya a wajen kashi ɗaya cikin miliyan. Ƙurar ɗamarar Kuiper ta tsarin Rana, wato zoben dunƙulen ƙanƙara da ke bayan duniyar Neptune, ta gaza haka da kusan ninki goma. Don haka "ba a ga rara ba" ba ya nufin babu ƙura.

Haɗarin farko shi ne baƙon haske. Idon WISE a maikuron 22 yana haɗe duk abin da ke cikin sakan 12 na kusurwa (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digirin kusurwa) ya mai da shi ɗigo ɗaya. Galaksi mai nisa da ta faɗo a bayan tauraron, ko gajimaren ƙurar da ke tsakanin taurari, ko wani tauraro makwabci, duk suna iya zama "rara". Shirin Disk Detective, wanda aka buɗe a 2014 domin jama'a su riƙa duba hotunan WISE da idonsu, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda kundi ya nuna suna da rara na bogi ne. Kada ka yarda da lamba daga kundi sai ka buɗe hoton ka duba.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne zuciyar maganar girman ƙwaya. A ce ka auna rarar tauraro irin Rana, ka sami zafin digiri 50 a ma'aunin Kelvin. Lissafi mai sauƙi ya ce babbar ƙwaya baƙa tana da digiri 278 a nisan Duniya daga Rana, wato AU ɗaya, kuma zafin na raguwa da tushen nisa. Raba 278 da 50, ka ninka amsar da kanta, ka sami AU 31. Sai ka rubuta cewa zoben yana AU 31. Daga baya wani ya ɗauki hoto, aka ga zoben a AU 90. A can babbar ƙwaya digiri 29 kawai za ta kai. Ashe ƙurar ƙanana ce masu riƙe zafi, suna nesa. Zafi ɗaya, labari biyu: manya a kusa, ko ƙanana a nesa, kuma rarar ita kaɗai ba za ta raba maka gardama ba. Nazarin da Nicole Pawellek da abokan aikinta suka fitar a 2014, a kan faya-fayai 34 da Herschel ya iya bambance faɗinsu, ya nuna cewa ainihin nisa yakan ninka na lissafi sau biyu, uku ko fiye a taurari marasa haske sosai, bambancin na raguwa a masu haske.

Nan ne Herschel ya sha bamban da sauran. A maikuron 100 idonsa na raba sakan 7 na kusurwa. Ga tauraro mai nisan shekarar haske 33, sakan ɗaya AU 10 ne, don haka zobe mai nisan AU 100 daga tauraronsa zai fito a matsayin zobe, ba ɗigo ba. Idan tauraronka na cikin waɗanda Herschel ya buɗe faifansu, kana da zafi da nisa a hannu ɗaya, kyauta.

Hanya ta biyu: hoton hasken da ƙura ta watso

A nan ana rufe tauraron da marufi a cikin na'ura, a ɗauki ɗan hasken da ƙura ta karkato. Hubble ya daɗe yana wannan aiki. Da shi Paul Kalas ya fitar da hoton zoben Fomalhaut a 2005, aka ga tsakiyar zoben ta goce daga tauraron da kusan AU 15. A ƙasa akwai na'urar SPHERE a madubin VLT na Chile, wadda ta fara aiki a 2014. Na'urar GPI kuwa ta fara a ƙarshen 2013 a madubin Gemini ta Kudu, daga baya aka cire ta domin sabuntawa.

Wajen kaifin hoto tana gaba da kowace hanyar infared, kuma tana ba ka alamu uku na girman ƙwaya. Launi: idan faifan ya fi tauraronsa shuɗi, kamar na AU Microscopii, ƙananan ƙwayoyi ne suka yi rinjaye. Alkiblar watsi: manyan ƙwayoyi sun fi tura haske gaba, shi ya sa gefen zoben da ke fuskantarmu kan fi haske, kuma zoben HR 4796A ya nuna wannan ƙarara. Sai yadda kaɗawar hasken ke jeruwa a fuska ɗaya bayan ya bugi ƙwaya. Da wannan aka gano a 2007 cewa ƙwayoyin AU Microscopii sako-sako ne, mafi yawan jikinsu rami.

Matsalar ita ce alamun nan uku sukan ƙi jituwa idan aka ɗauka ƙwayoyin dunƙulallu ne masu santsi, kamar yadda lissafin da aka fi amfani da shi ke ɗauka. Fomalhaut misali ne mai kyau. Hotunan Hubble sun yi nuni da ƙwayoyi masu gomman maikuron, zafin da Herschel ya auna kuwa na ƙanana ne. Masu binciken Herschel a 2012 suka sasanta su da cewa ƙwayoyin curi ne na ƙanana da suka manne sako-sako: suna watsa haske kamar manya, suna riƙe zafi kamar ƙanana. Duk wanda zai bi wannan hanya ya shirya wa irin wannan amsa.

Ba hanyar farauta ba ce. Faya-fayai masu ƙura da yawa, galibi na matasan taurari, su suka fi fitowa, kuma wanda muke gani ta gefe ya fi wanda muke kallo ta fuska sauƙi. Cire hasken tauraron gwaninta ce ta kanta: dabarar da ake amfani da ita takan cinye wani ɓangare na faifan, ta canza siffarsa, sai ka yi ta gwaji da faifan ƙirƙira kafin ka san abin da ya ɓace. Haɗarin fassara ma na nan. Ɗigon da aka sanar a 2008 a matsayin duniya mai suna Fomalhaut b, a 2020 András Gáspár da George Rieke suka nuna yana faɗaɗa yana dusashewa, alamar gajimaren ƙura ne daga wani karo. Ta fuskar ɗorewa, Hubble na sama tun 1990, ya tsufa. Na'urorin ƙasa kuwa ana iya gyara su a sabunta su. Tsofaffin hotuna na nan kyauta a rumbun MAST da na ESO.

Hanya ta uku: JWST

Ya tashi ranar 25 ga Disamban 2021, madubinsa mita 6.5, ya ci kusan dala biliyan 10. Na'urarsa MIRI tana aiki daga maikuron 5 zuwa 28, kuma a 25 tana raba ƙasa da sakan ɗaya, inda Spitzer ya tsaya a sakan 6. Abin da ya yi a 'yan shekaru ya isa a fahimci son da ake masa. A 2023 ya nuna cewa a cikin babban zoben Fomalhaut mai nisan kusan AU 140 akwai wasu ɗamarori biyu. A 2024 ya nuna faifan Vega sumul, ba alamar wata babbar duniya da ta yi masa rami. A 2025 aka sanar da ƙanƙarar ruwa a faifan HD 181327.

Wajen girman ƙwaya, ƙarfinsa na cikin bakan haske, wato hasken da aka baje zango-zango. Dutsen silikat yana barin tudu a bakan a wajen maikuron 10 da 18, amma sai ƙwayar ba ta wuce 'yan maikuron ba. Idan ta girma, tudun ya baje. Ganin tudun shaida ce kai tsaye ta ƙananan ƙwayoyi masu ɗumi, siffarsa kuma na faɗin irin dutsen. A Beta Pictoris, alamun da Spitzer ya gani a 2004 zuwa 2005 JWST ya neme su bayan kusan shekara 20 bai same su ba, abin da aka fassara da ƙurar wani babban karo da haske ya riga ya kore. Ka lura da darasin: ba don tsohon awo ba, sabon ba zai ce komai ba.

Iyakarsa ita ce maikuron 28. Ƙura mai digiri 40 ko 50 haskenta na ƙaruwa ne bayan nan, don haka JWST wutsiyar hasken kawai yake kamawa, daga ƙwayoyi mafi ƙanƙanta da zafi. Ba ya maye gurbin Herschel. Gasar lokacinsa ta fi kowace zafi, sa'o'in da ake nema sun ninka waɗanda ake da su sau da yawa, kuma takardar da ta ce "bari mu duba ko akwai" da wuya ta tsallake. Baƙon haske bai ƙyale shi ba: wani curi da aka gani a zoben Fomalhaut aka zaci gajimaren ƙura ne, tsofaffin hotuna suka nuna abu ne mai nisa a bayan zoben. Ba a iya zuwa gyara shi, amma man da ya rage masa ana sa ran zai kai shi shekaru masu yawa. Bayanai kan buɗe ga kowa bayan wa'adin da bai wuce shekara ba.

Hanya ta huɗu: zangon milimita

Ƙwayoyin milimita haske ba ya iya ture su, suna nan inda aka haife su. Hoton milimita shi ne taswirar inda manyan duwatsun suke, ba inda iska ta kai ƙura ba. Madubin JCMT mai mita 15 a Mauna Kea ya fara nuna haka a 1998 da Fomalhaut, Vega, Beta Pictoris da Epsilon Eridani, daga baya shirin SONS ya duba taurari 100 a maikuron 850, ya ga kusan rabinsu. ALMA, mai faranti 66 a tudun Chajnantor mai tsayin mita 5,000, ta fara aiki a 2011. A 2017 Meredith MacGregor da abokan aikinta suka fitar da cikakken zoben Fomalhaut, siriri. A 2025 shirin REASONS, ƙarƙashin Luca Matrà, ya tattara hotunan ɗamarori 74 daga ALMA da jerin farantan SMA na Mauna Kea, aka ga da yawansu faffaɗa ne, ba sirara ba.

Hanyar milimita ce kaɗai ke ba ka lamba ta biyu da kyau, wato yadda yawa ke sauka daga ƙanana zuwa manya. Ka auna faifan a zanguna biyu ko uku masu nisa da juna, misali milimita 0.9, 1.3 da 9, ka ga yadda haske ke sauka. Idan manyan ƙwayoyi na da yawa, saukar a hankali take. Idan ƙanana suka rinjaya, sai ta yi tsinin gangara. Da awon farantan rediyo na VLA a milimita 9, haɗe da na ATCA a milimita 7, aka yi wa faya-fayai 15 wannan lissafi a 2016, matsakaicin ya fito kusan 3.4, dab da lissafin Dohnanyi. Ita ce kuma mafi aminci wajen kiyasta nauyin ƙura. Amma game da mafi ƙanƙantar ƙwaya ba ta da ta cewa, domin ba ta ganin su.

Akwai wani tarko da ya shafi taurari makwabta musamman. Haɗa faranti masu nisa da juna na ba da kaifi, amma yana makantar da na'urar ga abu mai faɗi da laushi. A milimita 1.3 filin da ALMA ke gani lokaci ɗaya bai wuce sakan 25 ba, zoben Fomalhaut kuwa ya kai 36 daga gefe zuwa gefe, na Epsilon Eridani ya haura 40. Dole a yi ta ɗauka gunduwa-gunduwa ana ɗinkewa, kuma wani hasken kan zube a hanya. Kusancin tauraro a nan wahala yake ƙarawa. Faya-fayan kuma dusu-dusu suke a wannan zango, awo ɗaya kan ci sa'o'i.

Haɗarinta biyu. Galaksi masu ƙura sun cika sama a milimita, suna fitowa kamar curi a jikin zobe. Maganinsu shi ne a sake awo bayan 'yan shekaru, tunda tauraro makwabci na tafiya, galaksi na tsaye. Na biyu tauraron kansa. A 2017 aka sanar da alamar ƙura a kewayen Proxima Centauri daga bayanan ALMA. A 2018 aka sake yanka bayanan gajere-gajere bisa lokaci, sai aka ga rarar ta fito ne daga tartsatsin da tauraron ya yi na ɗan lokaci ranar 24 ga Maris 2017. Idan tauraronka ja ne ƙarami, kada ka haɗe awon dare duka wuri ɗaya sai ka duba shi minti-minti.

Koyonta ya fi na kowace tsawo. Manhajar CASA, wadda ake sarrafa bayanan ALMA da ita, na son haƙuri, fayilolin manya ne, kuma aikin kirki ana yin sa ne a kan ɗanyen awon faranti, ba a kan hoton da aka gama ba. Ɗorewa kuwa ita ce gaba: tana ƙasa, ana gyara ta, ana ƙara mata na'urori, kuma rumbunta na buɗe bayanai bayan shekara.

Hanya ta biyar, a taƙaice

Ƙura mai ɗumi da ke dab da tauraro, inda duniya irin tamu za ta zauna, sai an haɗa madubai a kashe hasken tauraron. Shirin HOSTS ya yi haka a maikuron 11 da madubin LBT na Arizona, ya duba taurari 38, ya sami cewa matsakaicin tauraro irin Rana na da ƙurar da ta ninka tamu kusan sau uku. Aiki ne na ƙungiyoyi ƙalilan, kuma yawan ƙura ya fi faɗa, ba girmanta ba. Sai ka shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin za ka yi shi.

| Hanya | Ƙwayar da take gani | Tana nuna nisa? | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rumbun infared | maikuron kaɗan zuwa ɗari | Herschel kaɗai, ga na kusa | kyauta | bayanai na nan, madubai sun mutu | mafi sauƙi | baƙon haske. Zafi ba nisa |
| Hoton watsin haske | maikuron ɗaya zuwa gommai | e, da kaifi | gasa. Rumbu kyauta | Hubble ya tsufa, na ƙasa na sabuntuwa | mai wuya | cire tauraro na cin faifai |
| JWST | ƙanana masu ɗumi | e | gasa mafi zafi | shekaru masu yawa, ba gyara | matsakaici | ba ya kai ƙura mai sanyi |
| Milimita | kusan milimita | e, wurin asali | gasa. Kwamfuta mai ƙarfi | mafi ɗorewa | mafi wuya | galaksi, tartsatsi, zubar haske |
| Haɗa madubai | masu ɗumi na ciki | kaɗan | sai da ƙungiya | na'urori ƙalilan | na ƙwararru | kuskuren daidaita na'ura |

Wa ya dace da wace

Idan digiri na biyu kake yi, shekara ɗaya gare ka, kuma ba ka da tabbacin samun lokacin madubi, ka tsaya a rumbu. Amma kada ka je neman sababbin faya-fayai a kundin WISE da niyyar faɗin girman ƙwaya. Ka zaɓi taurarin da Herschel ko ALMA suka riga suka auna nisan zobensu, ka haɗa da zafin da rarar ta bayar, ka fitar da mafi ƙanƙantar ƙwaya, ka gwada ta da iyakar turin haske. Aiki ne cikakke, kuma ba ya jiran amincewar kowa.

Idan burinka ƙidaya ce, wato taurari nawa cikin nawa ke da ƙura, rumbun infared ne kaɗai ke da yawan da ake bukata. Ka ware rabin lokacinka ga tsame na bogi, kuma ka rubuta nisan da ka lissafa a matsayin mafi ƙaranci, ba ainihi ba.

Idan tambayarka ita ce yadda duwatsu ke niƙa juna da ƙarfin jikinsu, milimita ce, a zanguna biyu aƙalla. Haka idan kana neman sawun wata duniya a gefen zobe ko a gocewar tsakiyarsa. Ga taurarin da ke cikin shekarar haske 30, ka nemi ƙananan farantan ALMA masu mita 7 tare da manyan, ko awon JCMT, domin ka san hasken da ya zube.

Idan abin da aka yi ƙwayar da shi da siffarta ne suka dame ka, ka haɗa hoton watsin haske da bakan JWST, ka zaɓi matashin tauraro mai ƙura da yawa, kuma ka koyi lissafin ƙwayoyi sako-sako tun da wuri.

Idan kuwa digiri na uku ne, kuma tauraro ɗaya za ka bi har ƙarshe, jerin da nake ba da shawara shi ne: rumbu a shekarar farko, takardar ALMA da zarar ka tabbatar da rarar, sannan JWST idan kana da takamaimiyar tambaya game da ƙananan ƙwayoyi wadda sauran awon suka kasa amsawa. Ka fara da duba ko tauraron na cikin jerin DUNES ko DEBRIS. Idan ba ya ciki kuma Spitzer bai auna shi a maikuron 70 ba, ka sake tunani kafin ka ɗaura shekaru huɗu a kansa.